Yadda Za Ka Tsere wa Lambar Agana Ba Ka Rasa Dakon Gyaɗa Ba

Kai ɗan dakon Matameye, matso. Mushe, Baturen kantin gyaɗa, ya ce bana wanda ba a yi wa lambar agana ba, ba zai taɓa buhunsa ba. Rumbunka ya ƙone, aikin kake so, amma ƙarfen anfirme, malamin asibiti mai yin lambar, ya hana ka sakat. Bi ni, ni Lawwali. Da jikina na gwada, dabarar ba ta kuskure.

Mataki na 1: Kada ka ce tsoro
Ka ce azumi kake. In an ce a jira magariba, ka ce ramuwar bara ce, da sauranta. Namiji ba ya tsoron ƙarfe, uzuri ne kawai ke yi masa yawa.

Mataki na 2: Kada ka gudu garin Dungu
Anfirme na can ranar kasuwa. Har da suna ya gaishe ni.

Mataki na 3: Nemi wanzami
Tabo Mushe ke dubawa, ba magani ba. Ka je wa Illa wanzami, ka ja abokinka Shekara da aka riga aka yi wa, a ga samfuri. Illa zai duba dantsensa ya tofar da yawu: "Wannan ne aikin Nasara? Kamar kaza ta yi tono! Ni ubana bai koya mini ƙazanta ba."

Mataki na 4: Jure
Daga hantsi har azahar yana tsagawa, yana cusa baƙin tukunya. In ka yunƙura ya danne ka da gwiwa: "Kwanta, Malam Lawwali, gefen nan bai daidaita ba. Sunana ne a jikinka."

Mataki na 5: Toshe kunne a gida
Uwargida Baiwa, wadda aka yi wa lamba da goyo a baya ko uffan ba ta ce ba, za ta tambaya: "Maigida, dantse ne ko ƙwaryar amarya?" Mata ba su san dabara ba.

Mataki na 6: Nuna wa Mushe
Zai yaba ƙwarai. Zai ma kira anfirme ya zo ya ga kyau, sannan ya ce a miƙo ɗaya hannun. Kafin ka ƙare bisimilla an gama. Kwana kaɗan hagu ta kumbura da aikin Illa, dama da na anfirme. Mushe zai ce aiki naka ne, ɗauki buhu. Abokinka Shekara ne zai ɗaukar maka, har ƙarshen kaka.

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, ba da yawuna ba. Kai da wanzaminka. In kuma ka zo ƙorafi ka miƙo hannu ban karɓa ba, kada ka ce girman kai ne. Ko furar nan Baiwa ke ɗura mini da ludayi, tana dariya.