Wasiƙar da Ta Rufe Rumfar Sale Kwana Uku

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zan manta da safiyar da dattawa suka zo gidana ba ni haƙuri a kan laifin da ba wanda ya yi mini.

A zamaninmu, in uba yana son ɗansa ya koyi ƙira ko ɗinki, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai sana'ar, ya ajiye goro, ya ce, "Ga amana." Shi ke nan. Yanzu kuwa sai yaro ya gama lekol, wato makarantar sana'a, sannan a ce ya nemo inda zai yi istaj, wato wata biyu yana aiki a hannun gwani, kafin a ba shi takardar shaida. Ni na san tsarin duka biyun, ko in ce na ɗauka na sani. Na yi shekaru ina fiton kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, na zauna Lome da Abijan, na leƙa Aljeriya. Ina jin Faransanci da Larabci da Zabarmanci. (Ba alfahari nake ba. To, alfahari nake, kuma shi ya ja mini.)

Jikata Hadiza ta koyi aikin sola a wata cibiyar sana'a a nan Magarya. 'Yan ajinsu duk sun samu wuri, wannan a garejin mota, waccan wurin likitan dabbobi, wasu wurin matan da ke matsar man gyaɗa. Ita kaɗai ta rage, don masu sola ba su cika son ɗaukar mace ba, wai aikin hawa rufi ne. An kuma gaya mata in Litinin ta yi ba ta kawo takarda da sa hannun maigidan aiki ba, sai baɗi.

Ta same ni a zaure. "Tsoho, kullum kana cika mana kunne da manyan da ka sani a Abijan. Ga ranar amfaninka ta zo."

"Amarya, kwantar da hankalinki," na ce. "Sale na Bande ai ɗan gida ne. Ina wurin aka raɗa masa suna."

Sale shi ne gwanin famfon sola a yankinmu, har daga Dogo-Dogo ake zuwa ɗaukarsa a babur. Daga gidana zuwa rumfarsa bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Amma ni da na ga yadda ake yi a ƙasashe, sai na ga zuwa da ƙafa ƙauyanci ne. Na zauna na tsara wasiƙa da Faransanci, shafi biyu, irin wadda ake aika wa shugaban kamfani. Na kai aka buga ta a inji, na sa ta a babbar ambulan, na lalubo tsohon hatimina na tashar jirgi na danna mata, har sau biyu don na farko bai fito sosai ba. Sai na ji maƙwabcina, wani jandarma mutumin kirki, zai bi ta Bande. Na roƙe shi ya miƙa hannu da hannu. Ya miƙa kuwa, cikin kakinsa, a gaban jama'a, ya ce, "Daga Alhaji. Yana jiran amsa."

Kwana uku shiru. Hadiza na kiran Sale, salularsa a kashe. Ta daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Ranar Asabar da hantsi ina ƙofar gida da abokan hira, sai ga Malam Idi, kawun Sale, da wasu dattawa biyu. Sale na bayansu, kai a ƙasa, da zakara biyu a hannu. Bayan gaisuwa Malam Idi ya zaro ambulan ɗina, ko buɗe ta ba a yi ba, ya ajiye a gabana da hannu biyu.

"Alhaji, mun zo a kashe maganar nan a gida. Kwana uku rumfar yaron nan a rufe, yana ɓoye a Guci wurin gwaggonsa. In famfon masallacinku da ya gyara ne ya sake tsayawa, zai sake gyarawa. Kada a kai ga hukuma."

Na ce, "Me ya hana ku buɗe ta?"

"Takardar da jandarma ya kawo, da hatimi biyu? Sammaci ai in ka buɗe, ka karɓa ke nan."

Abokan hirata suka matso. Ɗaya ya ce, "To karanta mana, Alhaji, mu ma mu ji laifin." Babu hanyar gudu. Na yage ambulan, na fara fassarawa: "Ina mai matuƙar farin ciki da samun darajar gabatar wa mai girma shugaba..." (Mai girma shugaba yana tsugune a gabana, zakara na yi masa kashi a takalmi.) Na wuce layi goma ban iso ko sunan Hadiza ba.

Malam Idi ya ɗaga hannu. "Alhaji, mu ba mu yi lekol ba. A taƙaice, me ake so?"

"A taƙaice, ya koya wa jikata aiki wata biyu."

Dattawan suka kalli juna. Sannan wani ya fara dariya, ta kama kowa, har da mai shayin tsallaken titi. Sale kaɗai bai yi ba.

"Baba Alhaji," ya ce, "kwana uku uwata ba ta ci abincin kirki ba. Da cewa ka yi in zo, da na zo da gudu."

"To za ka ɗauke ta?" na tambaya, don na san Hadiza na bayan ƙyaure tana saurare.

"Ni ba a kawo mini kowa ba. Takarda na gani."

Suka yi sallama suka tafi, da zakarunsu.

Washegari na sa babbar riga, na sayi goro, na hau bayan babur ɗin kabu-kabu, Hadiza a kan wani. Na zauna a bencin Sale, na gaishe shi, na gai da uwarsa, na ba su haƙuri da Hausa tsantsa. Sannan na ce, "Ga amana." Sale ya nuna wa Hadiza tsani, ya ce farantin sola ɗaya a kan rufin ba ya kawo wuta. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta hau, ba a jima ba ta leƙo ta ce waya ce ta saki.

"Kawo takardar lekol ɗin in sa hannu," in ji Sale. Na miƙa hannu zan karanta masa, ya janye. "A'a, Baba. Ita za ta karanta mini."

Hadiza ta kai takardarta ranar Litinin, ta yi watanta biyu, ta karɓi shaidarta. Yanzu iyaye kan kawo mini 'ya'yansu in nema musu wuri, wurin tela ko makaniki ko mai walda, kuma ban sake aika takarda ga mutumin da zan iya zuwa in gaishe shi ba. Sunan da mutanen Bande suka laƙaba mini kuwa, Alhaji Sammaci, ya zauna daram. Har limaminmu da shi yake kirana, ni kuma ina amsawa.