Jarka a Bayan Bango

"Ba zan zuba ba, Yallaɓai."

Haka na ce wa shugaban cibiyarmu ta koyon sana'a ranar Litinin da safe, yana miƙo min jarka, ni kuma ina riƙe da sufana. Jama'a, ku tsaya ku ji abin da aka ce in zuba.

An gina mana sabon ɗakin koyon aikin famfo. Fenti sai ƙyalli yake, ga kawunan famfo goma sha biyu jere a bango, kowanne ka leƙa sai ka ga fuskarka. Abu ɗaya ɗan kwangila ya manta, Allah ya ƙara masa basira: bututu. In ka zaga bayan bangon, ba tanki, ba layin ruwa, sai ƙadangaru. Ga shi kuma Mai Girma Sarkin Almakashi yana tafe, zai yanke ƙyalle ya murɗa famfo a gaban masu hoto.

Dabarar shugaba ita ce a zura tiyo ta bayan famfo na farko, a sa mazurari, ni kuma in hau benci in fara tsiyaya ruwa da zarar na ji tafi.

"Ke ce ƙwararriyarmu," in ji shi. "Kin san yadda ruwa ke tafiya."

"Na sani, Yallaɓai. Shi ya sa."

"Takardarki ta aikin dindindin tana kan teburina fa. Ban sa hannu ba tukuna."

Na gane. Takardar jami'ata ta yi shekara biyu a ƙarƙashin katifa kafin in ɗauki sufana. Shekara uku na yi ina koyon wannan aiki cikin maza suna ce min Hajiya Yoyo, gam ya cinye min fatar yatsu, ban gudu ba. Yanzu mata goma sha huɗu nake koya wa. Ɗaya daga cikinsu, Uwar Biyu, ta gyara famfon layinsu da ya shekara yana jiran kwamiti, cikin rabin awa, da goyo a bayanta.

Da na koma gida na ba gwaggona labari, sai ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan, ruwa ne fa! Ba giya aka ce ki zuba ba."

"Gwaggo, ƙarya ce."

"Ƙarya ce mai albashi. Wa ma zai gan ki a bayan bango?"

"Ɗalibaina. Tagar ajinmu can take kallo."

"To, ki sa labule mana!"

Washegari masinjan ofis aka ɗora a bencin. Mai Girma ya iso bayan awa uku da motoci goma sha ɗaya. Sai dai ba wanda ya tuna cewa mu mutane ne masu ladabi: tun babban mutum bai sauke ƙafa daga mota ba muke fara tafi. Masinja ya ji tafi, ya kama aiki. Famfo a rufe, ruwa ya cika tiyo ya dawo masa a ƙirji, bawan Allah ya ci gaba da zubawa, don umarni umarni ne. Kafin a gama jawabi uku, jarka ta ƙare.

Mai Girma ya murɗa. Ruwa ya zubo kamar cikin kofin shayi, ya ɗiga, ya ɗauke. Sai Mai Girma ya juyo ga masu hoto ya ce wannan shi ne famfon zamani mai tattalin ruwa. Kai, jama'a, ilimi baiwa ne! Aka sake tafi. Daga nan ya hore mu matasa da mu rungumi sana'a cikin gaskiya da riƙon amana.

Ranar Laraba aka ba ni takarda, amma ba wadda nake jira ba. Laifina "rashin haɗin kai". An ba ƙanen matar shugaba ajina, mutumin kirki, ya tambayi Uwar Biyu ta wane gefe ake kwance noti.

Ba zan yi muku kurin ban ji zafi ba. Na rasa aikin da na yi shekara biyar ina hanƙoro, na rasa ajina, kuma mata goma sha huɗu za su karɓi takardar shaida ba tare da sun taɓa haɗa bututu da ruwa a ciki ba. Wannan na ƙarshen ne ke ci min rai.

Af, in famfonku yana yoyo, ku aiko. Yanzu ina da lokaci, har ya yi min yawa.