Sanarwar Rasuwar Cok ɗin Koriya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bayan da ya gaji da sunkuyo a ƙarƙashin bonet, direban nan da unguwa ta sani da Mai Koriya yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar cok ɗin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda ake kira Koriya. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a kan kafireto mai haɗa wa injin fetur da iska, inda ya zauna shekara talatin da ɗaya bai taɓa neman hutu ba.

Ɗan baƙin abu ne, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba, da siririyar waya nannaɗe a cikinsa. Aikinsa ɗaya. Da sanyin safiya ya toshe wa injin iska har ya tashi, in wayar cikinsa ta ɗumama ya buɗe a hankali. Maganarsa duka duniya ba ta wuce "ƙas" ba, sai wani "tik, tik" in yana buɗewa. Mai Koriya ya shaida ya fi wasu 'yan'uwansa na jini cika alkawari.

Ba shi da haɗama. Wutar da yake ci bolt bakwai ce, daga wata ƙaramar waya a bayan altaneta, ita ma sai injin yana aiki. Wannan wayar ce ta ruɓe ta tsinke makon jiya, aka yi rashin sa'a mai wayarin da ke gyara masa wutar mota ya yi tafiya. Mai Koriya ya ce shekara talatin yana kallon ana yi, ba zai gagare shi ba. Ya jawo sabuwar waya kai tsaye daga batir. A lissafinsa, wanda ya yi wannan bauta da bakwai, in ya samu sha biyun batir ai sai abin da ya gani. Har daɗi ya ji a ransa, wai ya kyautata wa tsoho.

Kwana uku marigayin yana shan wuta ba tsayawa, mota na tafiya yana sha, tana ajiye yana sha. A na huɗu aka ji ƙauri. Da mai wayarin ya dawo ya kwance murfin, ya shinshina, ya daɗe yana kallon sabuwar wayar.

"Maigida, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wani ne."

"To ka gaya wa wanin, ba ciwo ne ya kashe shi ba. Ƙoshi ne."

Ya rasu ya bar kafireto cikin takaba, da fulogi shida, da batir wanda shi ma yake kwance rai a hannun Allah. An zaga shagunan kayan mota har ƙafa ta kumbura. Masu shago suna juya gawar a tafin hannu, su ce rabonsu da ganin irinsa tun suna samari.

Abin da ya fi ci wa Mai Koriya rai ba a shago yake ba. Bara, da bayansa ya kwantar da shi wata guda, ya yi wa maman yara alkawari a gaban babbar 'yarsu: ranar da Koriya ta kasa tashi da kanta, zai sayar da ita ya zauna a gida. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa, don ya san marigayin yana nan, kuma da shi ya dogara. Mai Koriya ya gaji, shi ma bai musa ba. Amma bai san me mutum yake yi da safiya ba in ba shi da motar da zai tayar, kuma tsoron hakan yake ji.

Za a sa marigayin a gwangwanin tsofaffin notuna da ke ƙarƙashin kujerar direba, gobe da ƙarfe shida na safe. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da takalma masu kama ƙasa, domin za a tura mota zuwa gangaren bayan layi. Mutum ɗaya zai riƙe sitiyari, mai makoki kuma zai toshe bakin kafireto da tafin hannunsa, kamar yadda marigayin ya saba yi.

A tura a hankali, ban da "hai, hai" a ƙofar gida. Kada kowa ya shiga yi wa maman yara gaisuwa, don ba a gaya mata ba tukuna. Wanda ya ga labulen tagarta ya motsa, ya yi kamar bai gani ba. Ita ma tun Laraba haka take yi.