Ranar da na buɗe kadarkon kwari

Tsufa ya kwashe abubuwa da yawa daga kaina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe kadarkon kwarin garinmu ba. Zamanin Nasara ne. Ina saurayi, na dawo Magaria daga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram da takardata da kuma girman kai da ya fi takardar nauyi, aka ɗauke ni aiki a biron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin garin.

A lokacin wani kwari ne ya raba unguwarmu da unguwar kasuwa. Da rani ba ruwan kowa da shi, amma da damina sai ya cika da ruwa da taɓo, kowa ya naɗe tufa ya ɗora kaya a ka. Kumandan ya ce a yi kadarko na masu tafiya a ƙasa da masu keke (kekunan garin duka ba su cika yatsun hannu ba, ɗaya kuma nawa ne). Ya miƙa mini zane a takarda, ya ce ni zan tsaya a kan aikin.

Babban maginin da aka haɗa ni da shi Baba Ilu ne, kuma ɗiyarsa Hadiza nake nema da aure. Iyayena sun kai gaisuwa, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Na dai ji labari ya ce ɗan lakwal bai iya komai ba sai riƙe alƙalami. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, na ƙudura sai na nuna masa.

Aka sare giginya, aka tsaga azara, aka kafa ginshiƙai. Da aka zo shimfiɗa, Baba Ilu ya sa a jera azarar a gicciye. Ni kuwa na duba takarda na ga layukan sun miƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"A miƙe za a jera su," na ce, ina kallon ƙasa, don mutum ba ya haɗa ido da suruki ko da umarni yake ba shi.

"Mushe, azara ba ta miƙewa sak," in ji Baba, yana kirana da lakabin girma na Faransanci da ake kiran 'yan lakwal da shi. "Za ta bar tsaga a tsakani. Bari ko yaɓe mu yi mata."

"Babu yaɓe a takarda, Baba."

Sai ya ce, "To. Takarda ta fi mu sani." (Ni wawa har daɗi na ji, na ɗauka yabo ne.)

Ranar buɗewa gari ya taru, ga kumandan, ga sarki da mutanensa, ga makaɗa. Ni da bakina na roƙi a bar ni in fara hayewa da keke. Na sha farar taguwa da faffaɗan wando, na hango Hadiza cikin mata a ɗaya gaɓar, na taka keken nan kamar ana kora ta.

Daidai tsakiya ƙafar gaba ta faɗa tsaga ta maƙale. Keke ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na bi ta saman kansa, na sauka cikin taɓon da ruwan shekaranjiya ya bari, na nutse har ƙirji. Kiɗa ya ɗauke. Sai wata tsohuwa ta yi salati, daga nan dariya ta ɓarke, har kumandan yana riƙe da cikinsa.

Wanda ya fara sauko mini shi ne Baba Ilu. Ya kama hannuwana biyu ya ce, "Riƙe da kyau, Mushe." Ya ja, taɓo ya ja. Ya ƙara ja, na ji mazagin wandona ya tsinke. Na fito, wando bai fito ba. A gaban unguwa biyu, mutumin da ko sunansa ba na iya kamawa don kunya ya warware rawaninsa ya ɗaura mini a ƙugu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Kwana uku ban leƙa ƙofar gida ba, na riga na fid da rai da Hadiza. A na huɗu na koma bakin kwari, na tarar ana sake shimfiɗar kadarkon, na ajiye takarda, na shiga ɗaukar azara a kafaɗa ana jera ta a gicciye. Baba na gefe yana kallona. Bayan la'asar ya tarar da baffana a ƙofar masallaci ya ce masa, "Ku zo a sa rana. Yaron da ya fara gwada wautarsa a kan kansa kafin ta taɓa wani, ana iya zama da shi. Kuma yanzu ba abin da ya rage da zai ɓoye mini."

Jikokina sukan tambaye ni abin da na koya a aikin Nasara. Nakan ce abu ɗaya ne: in za ka yi wa surukinka gwaninta, fara sayen sabon mazagi.