Jegon da Na Yi wa Sale

Ni ban yi boko ba, amma ina da rediyo. A ciki na ji wani mai horar da 'yan wasa yana cewa a lokacin hutu ƙarfi yake shiga jiki. Kafin ya faɗi kwana nawa ne hutun, batir ya mutu.

A shekarar kuwa Sale, ɗan ƙanena, zai kara da wani ƙato ɗan garin Kuyello a kokawar bayan girbi. Shekara uku mutumin yana kayar mana da samari. Sai na raba wa Sale shekara: damina noma da ɗaukar buhu, kaka hutu, rani kokawa. Hutu ɗaya na sani mai dawo da ƙarfi, shi ne na mai jego. Na yanke masa kwana arba'in, da kunun kanwa da gasasshen nama da wankan ruwan zafi safe da yamma.

Matata ta leƙo ta ce, "Malam, me Salen ya haifa?"

Na ce, "Ilimi ne, Hajara, ba za ki gane ba."

Ranar karawa sai da aka ƙara wa warkinsa igiya. Makaɗi bai gama yi masa kirari ba Sale yana ƙasa yana haki, fatar nan sai sheƙi.

Har yau ina son sanin kwana nawa mutumin rediyon nan ya ce. Na sayi batir, bai sake magana ba. A unguwarmu kuwa, ko akuya ce ta haihu sai wani ya tsokane ni ya ce, "A kira Baba Ungozoma."