Takardar Da Na Kai Gidan Biki

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Mma Lami a Tafo ba. Ni dai ban yi boko ba, amma shekara arba'in matan Akwatia Line suna zuwa wurina neman shawara, daga goyo har ciwon baya, kuma ban taɓa ce wa kowa ban sani ba.

Ana saura sati biki aka auna jinina a asibiti. Likita ya ce kalsiyam, abin da ke ƙarfafa ƙashi, ya yi yawa a jinina, in dawo ran Litinin. Yawa fa ya ce! Ni da nake tauna ƙashin kaza har ɓargo, ai na san dalili. Litinin ta zo ban koma ba (wa ke komawa asibiti don an yabe shi?).

A wurin biki na zaro takardar gwajin jinin daga jaka, ina ce wa mata su koyi cin ƙashi irina. Tana ta zagayawa har ta faɗa hannun yayar ango, Anti Fati. Ashe nas ce.

Ta karanta, ta dubi ledojin ruwa biyar da na shanye a gabana.

"Mma, kina yawan jin ƙishi? Da yawan fitsari?"

Sau huɗu na tashi zagayawa, kowa ya gani.

"Akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a wuya, kamar shinkafa," in ji ta. "In kalsiyam ya ragu a jini, sai su aika wa ƙashi saƙo ya saki kaɗan. In ya isa, su yi shiru. Da alama ɗaya a naki ya ƙi yin shiru. Wannan yawan da kike nuna mana, daga ƙashinki ake kwasowa. Ki koma, kafin ki karye."

Sai Mma Lami ta ce, "Ya ƙi yin shiru? Ai mai shi ya biyo."

Har amarya sai da ta yi dariya a cikin mayafi.

Da safe na hau motar haya ta trotro zuwa asibiti. Bayan wata biyu aka cire ɗan surutun, ga tabon nan a wuyana. Har yau ina ba da shawara, ban fasa ba. Amma in likita ya ce abu ya yi yawa, sai na tambaya daga ina aka ɗebo kafin in kai gidan biki.