Motar Alhaji Ɗayyabu da Solar Masallaci

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Ɗayyabu, wanda in ya sayi allura sai ya ce maka garma ce. Shekara ashirin yana fama da wata tsohuwar mota mai shan dizal. In ya tashe ta, gurr-gurr-gurr, kaji su watse, hayaƙi ya turnuƙe layi.

Kwatsam sai ya sayar da ita, ya sayo irin sababbin nan masu ciki biyu: ka jona ta a wuta kamar waya, in caji ya ƙare ta koma fetur. To, nan fa bakin Alhaji ya buɗe. Kullum a majalisa sai ya ce motarsa ba ta ci ba ta sha, masu bin layin mai kuwa Allah ya yaye musu. Har ya dafa ƙirji ya ce duk wanda ya ƙara ganin ƙafarsa a gidan mai, ya cire masa hula a bainar jama'a.

Ana haka sai taransifomar unguwa ta ƙone. Kwana tara babu wuta, caji ya yi ƙasa. Ga gidan mai a bakin titi, amma ina! Baki shi ke yanka wuya. Alhaji ya duba gabas ya duba yamma, sai idonsa ya faɗa kan solar masallacin da ke jikin katangarsa, wadda jama'a suka yi karo-karo suka saka. Da hantsi, sa'ad da kowa ya tafi nema, ya ja doguwar waya ta bayan akwatin batir, ya binne ta a yashi har cikin garejinsa.

Ranar farko fanka ta mutu ana tsakiyar Azahar, mutane suka yi sharkaf da gumi. Rana ta biyu ladan, Malam Barau, ya ɗauki kiran sallah da muryarsa mai daɗi, lasifika ta ce ƙit, ta ɗauke. Rabin unguwa ba su sami jam'i ba.

Ka san wa ya fi kowa faɗa? Alhaji Ɗayyabu mana. Ya miƙe bayan sallah yana huci, ya ce ladan ne ke barin mutane suna cajin waya a ɗakin Allah, in ba zai iya riƙe amana ba a nemo wani. Wallahi abin ya yi wa Malam Barau ciwo, don shekara goma sha biyar yana share masallacin nan ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Da kowa ya watse, sai ya zagaya ya bincika bayan akwatin batir.

Washegari bayan La'asar, ladan ya roƙi jama'a kada kowa ya tafi. Ya zagaya da su bayan akwatin batir, ya kamo kan wata waya, ya ja. Waya ta riƙa fitowa daga yashi kamar ana cirar rogo. Suna ja suna bi, liman a gaba. Alhaji na biye yana cewa wataƙila ta 'yan kwangila ce, a bar ta kawai. Ba wanda ya kula shi.

Waya ta kai su ƙofar gareji. Aka tura. Ga mota a tsaye tana sheƙi, waya a gindinta, 'yar fitila na ƙyaf-ƙyaf.

"Wai... gwadawa nake in ga ko batirin masallacin na da ƙarfi," in ji Alhaji, gumi na keto masa ta ƙarƙashin hula.

Malam Barau ya dube shi, ya dubi motar, ya gyara murya.

"Gaskiya ka faɗa, Alhaji, ba ta shan mai. Kiran sallarmu take sha."